Itacen Daren Makoki

Daren da aka shimfiɗe babana a tsakar ɗaki,
ruwan Chiloé bai ɗauke ba,
kwana tara yana zuba kamar da bakin ƙwarya.
Murhun ƙarfe ya cinye abin da ke rumfa,
baƙi sun cika gida, rigunan ulu na ɗiga.
Na ɗau gatarinsa da fitila na faɗa kurmi,
ni da na shekara sha ɗaya a Puerto Montt
ina dakon akwatunan kifi.

Duk abin da na tarar a kwance na sara.
Itace ai itace ne, na ce.

Ina cusa shi a wuta
hayaƙi ya turnuƙe, fari, mai yaji kamar an soya barkono.
Masu addu'a suka sarƙe da tari.
Tsoho Baldovino, da bai yi kuka ba
ko ranar da teku ta haɗiye masa kwalekwale,
ga shi zaune, hawaye na bin gemu.
Gwaggo Orfelina ta zaro guntu da awartaki,
ta sansana, ta dube ni:
"Kanelo ka ƙona mana, ɗan nan, kuma ɗanye.
To, ka agaza wa waɗanda kuka ya ƙi zo musu."

Kwana biyu da binne shi
ta tashe ni tun zakara bai gyara murya ba.
"Taso. Ubanka ya so nuna maka,
kai kuwa ka bi jirgin ruwa."

Ba ta ɗaga kai.
"Ganye na can sama, wuyana ya tsufa.
Ɗora tafinka nan."
Ɓawo ja kamar kirfa, da dabbaren fari,
sanyi kamar cikin randa.
"Arrayan. Ko rana ta take, jikinsa bai ɗumi.
Yanzu ɗaga wancan."
Guntu ne bai fi damtse ba,
ya ja ni ƙasa kamar dutsen niƙa.
Na kai masa sara, gatari ya yi tsalle ya dawo.
Ta yi dariyarta ta farko tun rasuwa.
"Luma ke nan, ba ta son gaggawa.
Gwara biyu ka ji, ƙarfe ke amsawa.
Ɗaya za ka sa da dare, da asuba garwashi na jiranka.
Ka sa uku, ta huda gindin murhu,
ka kwana kana ba makwabta labari."

Muka ratsa fadama, taɓo har gwiwa,
inda tepu ke murɗe kamar igiyar da aka jefar.
Muka wuce ulmo tana tsaye.
Na gyara riƙon ƙota, ta dafe mini hannu.
"Zumar da ka lasa kana yaro,
daga farin furenta ƙudan Eliecer ke kawowa.
Sai iska ta kayar da ita take zama taka."

Can bayan wani tudu
sai ga tari an jingine, an rufa masa tsohon kwano.
Itacen baɗi.
A kan kowane guntu akwai tsaga:
ɗaya, biyu, wani gicciye.
"Ɗaya luma, biyu tepu, gicciye na kunna wuta.
Bara ya fara, da idona ya soma hazo.
Ko dai ba don ni ba ne, wa ya sani.
Bai iya rubuta sunansa ba, ka tuna."

Na tsuguna ina bin tsagar da ɗan yatsa.
Bakin gatarin da ke hannuna
ya zauna cikinta daidai.

A hanyar dawowa ta ɓantaro wani ɓawo mai toka-toka.
"Tauna."
Harshena ya kama da wuta.
"Kanelo. Ido kan manta, harshe ba ya mantuwa."

Na tsaya ina taunawa cikin yayyafi,
luma a kafaɗa,
idona na zuba.
Ta yi gaba abinta, ba ta waiwayo ba,
ta bar ni in ce yajin ne.